Kurakuran da muke yi wajen rubuta takardar ciniki da Turanci

Na daɗe ina rubuta wa manoman riɗi da zoɓo na ƙauyukan Gumel takardu zuwa ga kamfanonin da ke sayen kaya a Dawanau da Legas, kuma abin da na lura da shi shi ne, ba ƙarancin manyan kalmomin Turanci ne ke ɓata mana ciniki ba. Abin da ke ɓata shi shi ne mai saye ya gama karanta takarda bai san yawan kaya ba, bai san farashi ba, bai kuma san ranar da za su iso ba.

Da yawa daga cikinmu kan fara da doguwar gaisuwa, a tambayi gajiya da iyali da aiki, kamar yadda muka saba a wasiƙar Hausa. Gaisuwa tarbiyya ce, amma manajan da saƙonni suka cika masa waya ba zai bi ta har ƙarshe ba. Layi ɗaya ya isa, sannan a faɗi dalilin rubutun a jimla ta biyu. Idan an buɗe da "Dear Sir", a rufe da "Yours faithfully". Idan an ambaci sunan mutumin, sai a rufe da "Yours sincerely".

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na ma'auni. Wani matashi ya taɓa kawo mini saƙon da ya tura wa wani kamfani, inda ya rubuta cewa yana da riɗi "200 bags", bai ƙara komai ba. Kamfanin ya yi lissafi da irin buhun da ya saba saye, aka shirya a kan kuɗi, sai da aka ɗora kaya a kan sikeli aka ga nauyin bai kai ba. Na gan shi zaune a gindin darbejiya yana ta juya wayar a hannu, ga kuɗin mota da na 'yan dako sun riga sun hau kansa. Buhu da tiya da mudu ma'aunin kasuwarmu ne, wanda ke nesa bai san su ba. A rubuta kilo ko tan, kuma tan ɗaya kilo 1,000 ne. A faɗi farashin kowane kilo, a bayyana ko ya haɗa da kuɗin mota, a kuma faɗi inda za a karɓi kayan.

Haka ma kwanan wata. Idan aka rubuta 03/04, mu da Ingila uku ga Afrilu muke nufi, amma mutumin Amurka huɗu ga Maris zai karanta. A rubuta sunan watan da haruffa. "Next tomorrow" da muke faɗa a madadin jibi ba kowa ne ya san shi a wajen Nijeriya ba, "bayan Sallah" kuwa ko "ran kasuwar Maigatari" ba rana ba ce ga wanda ba ɗan yankin ba.

Akwai kuma kurakuran da harshenmu ne ke janyo su. A Hausa muna cewa na aika, zan aika, aikatau bai sauya ba, shi ya sa muke rubuta "I have send" maimakon "I have sent". A ciniki wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai karatu na iya kasa gane ko kuɗin sun tafi ko suna nan. Rikicin p da f kan sa a rubuta "pull payment" inda ake nufin "full payment". Kalmar aro kuma tana aiki ta kowane ɓangare a wurinmu, amma a Turanci mai karɓa ne ke yin "borrow", mai bayarwa kuma "lend". Ba a kuma ƙara s a ƙarshen "information" da "equipment".

Kafin a tura, a karanta takardar da murya, a cire gajerun rubutun waya irin "pls" da "u", sannan a miƙa wa wani malamin sakandare na kusa ya duba alƙaluman da sunan watan. A ajiye kwafi, domin shi za a ɗauko idan gardama ta taso a gaban sikeli.