Kurakuran da baƙi suka fi yi a ƙasar Sin da yadda za a gyara su

Wanda ya saba da Kantin Kwari ko Sabon Gari yakan ɗauka kasuwa kasuwa ce ko'ina, in dai da kuɗi a aljihu magana ta ƙare. Sai ya sauka a Guangzhou ya tarar hatta mai sayar da ayaba a bakin titi waya yake jira a miƙo masa. Yawancin wahalar da na ga 'yan uwanmu suna sha a can, tun daga gida suka kwaso ta, don ba su shirya wayarsu da takardunsu ba.

Google, Gmail, WhatsApp, Facebook da YouTube duk ba sa buɗewa a intanet ɗin cikin ƙasar. Mutum ya sauka filin jirgi, adireshin masaukinsa yana cikin saƙon WhatsApp, ya rasa yadda zai yi. Kafin ka tashi, ka sauke WeChat da Alipay, manhajojin da ake biyan kuɗi da su ta waya, ka yi rajista da fasfonka, ka haɗa katin bankinka. Tun 2023 manhajojin biyu suke karɓar katin Visa da Mastercard na waje. Amma ka tambayi bankinka ko katin yana aiki a ƙetare. Ka riƙe 'yar takardar yuwan, wato kuɗin ƙasar, saboda ɓacin rana. Adireshin otal kuwa ka sa a rubuta maka da rubutun Sinanci, ka ajiye hotonsa, domin direban tasi ba lallai ne ya karanta harufan boko ba. Manhajar DiDi ta fi sauƙi wajen kiran mota.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne na takardu. Doka ta ce duk baƙon da ya sauka a gidan wani, ba otal ba, sai ya yi rajista a ofishin 'yan sandan unguwar cikin awa 24. Otal su ke yi maka da kansu. Mu kuwa al'adarmu ce ɗan gari ya ce, "Haba Alhaji, ina nan za ka kama ɗaki?" Karamci ne, amma washegari ku tafi tare da fasfo a yi rajistar. Haka nan kwanakin biza. Wanda ya zarce ana cin sa tarar yuwan 500 a kowace rana, har zuwa yuwan 10,000, ana iya tsare shi, kuma samun wata bizar zai yi masa wuya. Ka duba kwana nawa aka ba ka a kowace shiga, don ba ɗaya ba ne da ranar ƙarewar bizar. Fasfo kuma kada ya rabu da jikinka: da shi ake shiga jirgin ƙasa, da shi ake sayen layin waya. Sannan don Allah kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ko na wa ne. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a ƙasar Sin yana kaiwa ga kisa.

Akwai masu sayen tikiti ba su duba kalandar mutanen ba. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, ma'aikata su watse ƙauyukansu, masana'antu su rufe har makonni. Makon farko na Oktoba ma hutu ne. Baje kolin Canton, wanda ake yi a Guangzhou tun 1957, yana ci a Afrilu zuwa Mayu da kuma Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin kuɗin otal a Guangzhou yakan yi tashin gwauron zabo.

Abinci sai an yi taka-tsantsan. Idan aka ce "rou", wato nama, ba a faɗi na wace dabba ba, galibi alade ake nufi. Cewa a ba ka ganye kawai bai fitar da kai ba, domin ana iya soya shi da kitsen alade ko a zuba romonsa. Abin nema shi ne alamar 清真, ana karanta ta "cing jen", ma'anarta halal. Shagunan taliyar Lanzhou, waɗanda yawanci Musulmi ne ke riƙe da su, kusan kowane birni akwai su, kuma ba tsada. A unguwar Xiaobei ta Guangzhou da kuma birnin Yiwu abincin halal ba ya wuyar samu. Wanda salla ta riska a Guangzhou ya nemi masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a ƙasar. Banɗakin kasuwa ba buta, sau da yawa ba takarda, saboda haka gorar ruwa a jaka ta zama dole. Ruwan famfo ba a shan sa sai an tafasa, shi ya sa za ka ga ana miƙo maka ruwan zafi ko da rani.

Idan mai masana'anta ya gayyace ka cin abinci, kada ka raina, a nan ake ƙulla amana. Zai ɗaga ƙoƙon giya ya ce "ganbei". Wasu sukan daburce, wasu su ɓata rai. Ka faɗa tun farko cewa kai Musulmi ne, ka ɗaga kofin shayi. Maye gurbin giya da shayi abu ne sananne a wurinsu. Kada ka soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, yana kama da turaren da suke kunna wa mamaci. Agogon bango ba ya cikin tsarabar da ake kai musu, don furucin "ba da agogo" ya yi daidai da na rakiyar gawa. Katin kasuwanci da hannu biyu ake karɓa. Ba a barin tukwici a gidan abinci.

Sai ciniki. Taya kaya da ƙarfi ba laifi, amma idan ka matse farashi har ƙasa, da yawa ba za su ce a'a ba, kayan za su rage wa inganci. Ka riƙe samfur, a rubuta nauyi, launi da adadi a yarjejeniya, ka duba kaya kafin a loda kwantena, kuma ka biya a asusun kamfani. In an samu matsala, kada ka yi wa mutum tsawa a gaban yaransa. Abin da suke kira "mianzi" shi ne mutunci a idon jama'a, mu ma mun san zafin a ci fuskar mutum. Ka ja shi gefe, ka nuna masa samfur da takarda. Idan ya ce "bari mu duba" har sau biyu, ka fara neman wani shagon.