Kafin a Kira Yaro Daƙiƙi, a Duba Idonsa da Kunnensa

A ajin da ya cika maƙil, yaron da ganinsa ko jinsa ya yi rauni yakan ƙare da sunan daƙiƙi ko mai kunnen ƙashi, har ya sha bulala a kan abin da ba laifinsa ba ne. Shi ya sa ido da kunne ake fara dubawa, tun zangon farko na aji ɗaya.

Malami ya ware littafi, ya yi mako biyu yana rubuta abin da ya lura da shi, da kwanan wata. Mai matsalar gani yakan kanne ido, ya kai littafi daf da hanci, ko ya riƙa kwafa daga na kusa da shi maimakon allo. Mai matsalar ji yakan karkato kunne ɗaya, ya ƙura wa bakin malami ido, kuma sai ya ga abin da sauran suka yi sannan ya bi. A tambayi mahaifiya ko ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda, ko kunnensa na zubar da ruwa, domin duk suna rage ji.

Gwajin ido da allon nan mai layukan harafin E, manya da ƙanana, kowanne ya fuskanci wani ɓangare, ake yi. A rataye shi inda akwai haske, yaro ya tsaya nisan mita 6, a rufe ido ɗaya da kwali, don da tafin hannu yakan leƙa ta tsakanin yatsu. Ya nuna inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Idan ya kasa layin da aka rubuta 6/12 a gefensa, ko da a ido ɗaya ne, asibiti za a tura shi. Kada a jera yara suna kallon juna, na baya zai haddace amsar na gaba.

Na kunne kuwa, a wuri shiru, malami ya tsaya bayan yaro kimanin santimita 60, a toshe kunne ɗaya, ya raɗa lambobi yaro ya maimaita. Wannan tacewa ce kawai. Hukunci na likita ne, a babban asibiti ko cibiyoyin ido da kunne na ƙasa da ke Kaduna.

Kafin sakamako ya fito, a dawo da shi layin gaba, inda hasken taga ba ya dukan allo. A yi rubutu manya-manya. Kada malami ya yi bayani fuskarsa na allo, domin mai raunin ji leɓe yake karantawa. Ihu kuma jirkita kalma yake yi. Umarni ɗaya-ɗaya, yaro ya maimaita da bakinsa.

Iyaye a keɓe za a gana da su, a nuna musu littafin, ba a ƙofar makaranta ba. Idan ido da kunne lafiya lau amma karatu ya ƙi, shugaban makaranta ya rubuta wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma a turo malamin ilimi na musamman ya duba shi.