Ga sababbin ɗaliban da aka tura ɗakin binciken RNA da garkuwar jiki

Barkanku da sauka, ƙannena. Wannan rubutu na waɗanda suka samu gurbin digiri na biyu ko na uku ne a Turai ko Amurka ko Japan, aka kuma tura su ɗakin gwajin da ke nazarin yadda ƙwayoyin garkuwar jiki ke sarrafa RNA. Maganar masauki da takardun zama wasu za su yi muku. Tawa ta watannin farko ce a teburin aiki.

Yawancinmu mun zo da karatun cewa DNA na ba da RNA, ita kuma RNA ta ba da furotin, shi ke nan. Haka ne, sai dai aikin ɗakinku duka yana tsakanin RNA da furotin. Ƙwayar halitta tana iya kwafo saƙo, wato RNA, daga DNA ta lalata shi nan da nan, ko ta ajiye shi ba ta karanta ba, ko ta yanka shi ta haɗa ta wata siga. Garkuwar jiki ba ta da makawa sai da wannan, domin makaman da take kashe cuta da su suna iya cin mai su idan suka daɗe a waje.

Ku fara karatu da TNF, furotin da ke tayar da kumburi. A wutsiyar saƙonsa akwai wani yanki mai yawan haruffan A da U. Tun 1986 Shaw da Kamen suka nuna cewa idan aka ɗauki irin wannan yanki aka liƙa wa saƙo mai ƙarko, sai ya riƙa rushewa da wuri. Wanda ke kama yankin shi ne furotin TTP. A 1996 ɗakin Perry Blackshear a Amurka ya samar da ɓerayen da ba su da TTP, suka rame, gaɓoɓinsu suka kumbura. A 1999 ɗakin George Kollias a Girka ya bi ta ɗaya ɓangaren, ya cire yankin daga TNF ɗin kansa, ɓerayen suka kamu da ciwon gaɓoɓi da kumburin hanji. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne, siginar da ke kunna TNF ita ce ke sa a ƙera TTP. Da farko hanyar sigina ta enzayim p38 da MK2 tana ɗaure wa TTP hannu har TNF ya yi aikinsa, daga baya a sake shi ya share saƙon. Wato tun ranar da aka kunna wutar aka tanadi ruwan kashe ta.

Daga nan za ku ci karo da wasu furotin masu irin wannan aiki: Roquin, wanda Carola Vinuesa da Chris Goodnow suka bayyana a Ostireliya a 2005, da Regnase-1 daga ɗakin Shizuo Akira na Osaka a 2009, mai datse saƙon IL-6, wani furotin mai tayar da kumburi. Sai ƙananan RNA irin su miR-155 da miR-146a, dangin waɗanda suka jawo wa Victor Ambros da Gary Ruvkun kyautar Nobel ta 2024. Kada yawan sunayen ya firgita ku. Kowanne ku tambaye shi abu uku: wane saƙo yake kamawa, me yake yi masa, yaushe.

Wannan “yaushe” ita ce inda sababbi suka fi tuntuɓe. Wanda ya zuba LPS (sinadarin ɓawon bakteriya mai tayar da garkuwar jiki) a kan makurofaj, ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye cuta, ya dawo washegari ya auna sau ɗaya, ya rasa labarin gaba ɗaya, don saƙon TNF ya hau ya sauka tun a sa'o'in farko. Ku auna a lokuta da dama. Kuma idan qPCR, gwajin auna yawan saƙo, ya nuna saƙo ya ƙaru, kada ku yi saurin cewa an ƙara kwafowa, wataƙila rushewarsa ce ta ragu. Ana rarrabe su ta hanyar tsayar da kwafowa da aktinomaisin D, a bi yadda saƙon ke raguwa. Sannan a auna furotin ɗin, don yawan saƙo ba ya tabbatar da an karanta shi.

Ita RNA ba ta da juriya. Enzayim ɗin da ke cinye ta, RNase, yana fatar hannunku, kuma ko na'urar turara kayan aiki ba ta gama kashe shi. Ku sa safar hannu, ku canza ta da zarar kun taɓa waya ko ƙofa, ku yi aiki a kan ƙanƙara, ku ajiye samfur a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili, ku rubuta suna da kwanan wata a jikin kowace kwalba. TRIzol, ruwan da ake fitar da RNA da shi, na ɗauke da fenol mai ƙona fata, ba a buɗe shi sai a cikin akwatin zuƙe iska.

Kunyar tambaya ita ce ta fi yi mana illa. A waɗannan ɗakuna, ɗalibin da ya yi shiru ana ɗauka ya gane. Ku nemi ma'aikacin da ya daɗe a ɗakin ya tsaya kusa da ku ranar da za ku fara fitar da RNA, kuma idan gwaji ya lalace ku kai sakamakon taron mako yadda yake.

Ku nemi horon aiki da dabbobi tun makon farko, don yana ɗaukar lokaci. A Birtaniya sai da lasisin ma'aikatar cikin gida ƙarƙashin dokar gwaji da dabbobi ta 1986, a Amurka kuma sai kwamitin kula da dabbobi na jami'a ya sa sunanku a takardar aikin. Masu aiki da jinin ɗan Adam za a tambaye su shaidar rigakafin ciwon hanta nau'in B, saboda haka ku ajiye katinku kusa.