Babi na 7: Firam ɗin Tsohon Babur, a Gyara ko a Sauya?

Duk abin da ke jikin babur a kan firam yake. A jikinsa aka ɗaure inji, a kansa tanki da kujera suke zaune, ƙafar gaba tana maƙale a wuyansa, ta baya kuma a ƙugunsa. Wasu kanikawa shasi suke ce masa. Babban aikinsa shi ne ya riƙe ƙafafun nan biyu a kan layi ɗaya, komai gargada, komai nauyin kaya. Ranar da ya kasa yin haka, babur ya zama abin tsoro, ko da injinsa sabo ne fil.

Mutane da yawa, da sun ga tsaga sai su garzaya wurin mai walda, a ɗiga wuta, a shafa baƙin fenti, a ce an gama. Wannan babi zai nuna maka cewa awo ake fara yi. Awon ne zai gaya maka ko a kai wa mai walda, ko a nemi wani firam.

Fara sanin irin naka

Firam ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane iri da inda ciwonsa yake fitowa.

Akwai na fallen ƙarfe, wanda aka matsa a inji aka haɗa ɓari biyu, kamar na Honda Super Cub da aka fara ƙerawa a 1958. Irin wannan ciki gare shi. Ruwa da laka su shiga su kwanta, tsatsa ta ci shi daga ciki, musamman ƙarƙashin kujera da wajen da shokozoban baya suke ɗaure.

Akwai na bututu wanda ƙasansa a buɗe yake, inji ne ke cike gurbin, kamar na Honda CG125 da ya fito a 1975. A nan inji ɓangare ne na ƙarfin firam. Idan notunan da ke riƙe inji suka saki aka yi ta tafiya a haka, kunnuwan da suke ɗaure a ciki ne za su tsage. Akwai kuma wanda bututu ɗaya ko biyu suka bi ta ƙarƙashin inji suka tallafe shi, irin na Norton Featherbed na 1950, wanda kamfanoni da dama suka kwaikwaya daga baya.

Abu biyu za ka bincika kafin wuta ta taɓa kowane firam. Na farko, da me aka yi shi? Ɗora maganaɗisu. Idan ya kama, ƙarfe ne. Idan bai kama ba, alminiyam ne, kamar na Suzuki GSX-R750 na 1985. Alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660, ƙarfe kuwa sai wajen 1500, kuma alminiyam ba ya yin ja ya gargaɗe ka, sai dai ka ga ya zube. Wannan aikin ƙwararru ne masu injinsa na musamman. Tsofaffin baburan Ingila da yawa kuma da tagulla aka liƙe gaɓoɓinsu. Idan ka goge gaɓa ka ga ruwan ɗorawa, kada a sa waldar lantarki a wurin, don tagulla tana gurɓata waldar ta sa ta fashe.

Na biyu, me ke cikin bututun? Wasu babura, kamar Yamaha SR400 da tsohuwar Triumph Bonneville ta 1971, a cikin firam suke ajiye man inji. Sai an tsiyaye shi an wanke tas.

Kada ka ɗora wa firam laifin wani

Babur mai ja gefe ɗaya, ko mai kaɗa kai idan an yi gudu, ko mai cinye taya ta ɓari ɗaya, yana iya zama firam ne ya karkace. Amma sau da yawa ba shi ba ne. Duba iskar tayoyi. Ɗaga kowace ƙafa ka juya ta, ka ga ko tana lilo. Kama ƙafar baya ka girgiza ta hagu da dama. Idan tana motsi, bushin hannun da ke riƙe ta ne ya cinye. Ɗaga gaban babur ka juya kan a hankali. Idan yana ƙas-ƙas ko yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ne. A karo kuwa, shokozoban gaba ne suke fara lanƙwasa kafin firam. Duk waɗannan gyaransu ya fi sauƙi, don haka su ake fara kawarwa.

Bayan nan sai ka cire tanki da kujera da murafun gefe, ka wanke firam da kyau. Datti yana ɓoye tsaga. Ɗauki tocila ka bi gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. Ka fi daɗewa a bayan wuya da ƙarƙashinsa, domin nan ne ƙarfin karo yake sauka. Fenti yana ba da labari: inda ya ɓare ko ya tattare ba tare da wani abu ya goge shi ba, ƙarfen wurin ya motsa. Siririn layin tsatsa a gefen walda kusan kullum tsaga ce. Duba kuma ɗan ƙarfen da ke tare kan babur kada ya juya ya bugi tanki. Idan ya lotse ko an taɓa yi masa walda, babur ɗin ya taɓa shan mummunar faɗuwa, ko da wanda ya sayar maka bai faɗa ba.

Akwai tsagar da ido ba ya gani. Ga tsohuwar dabara. Goge fentin wurin da samfefa, shafa kananzir, bar shi kamar minti 15 ya shiga. Share wurin ya bushe ƙayau, sannan ka shafa garin alli. Ɗan bubbuga kusa da wurin da ƙaramar guduma. Idan akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige cikinta zai fito ya zana ta a kan allin.

Tsatsar ciki kuma kunne ne ke gano ta. Bubbuga bututu da sifana. Lafiyayye yana amsawa da ƙara mai zaƙi, ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi ɗif. Wurin da ka yi shakka, danna shi da tsinin sukudireba.

Awon igiya

Wannan shi ne zuciyar darasin, kuma ba ya buƙatar komai sai igiya siririya, tef na awo, da mutum ɗaya da zai riƙe maka babur.

Tsayar da babur a miƙe a kan daɓe mai shimfiɗe. Tabbatar notunan da ake jan sarƙa da su suna kan alama ɗaya hagu da dama, in ba haka ba ƙafar baya ce za ta yi maka ƙarya. Zagaya igiya ta bayan tayar baya, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ka ja bakinta biyu zuwa gaba har su wuce tayar gaba. Matso da kowane ɓari a hankali har ya ɗan taɓa gefen gaba na tayar baya, ba tare da ya lanƙwasa ba, sannan ka ɗaure shi a jikin wani abu mai nauyi.

Yanzu tayar gaba tana tsakanin igiyoyi biyu. Da yake galibi ta fi ta baya siranta, za ka ga rata a kowane gefe. Miƙe kan babur, ka auna ratar a wuri huɗu: hagu gaba, hagu baya, dama gaba, dama baya. Rubuta lambobin. Idan hagu da dama sun zo ɗaya, ƙafafun suna kan layi. Bambancin milimita 2 ko 3 ba abin tayar da hankali ba ne a tsohon babur. Idan ya kai santimita ɗaya, akwai magana.

Saura murɗewa. Ɗaura noti a bakin zare ka sake shi ya yi lilo a gefen tayar baya, a gyara tsayuwar babur har tayar ta miƙe daidai da zaren. Kada a motsa. Kai zaren gefen tayar gaba. Idan ita ta kishingiɗa alhali ta baya tana tsaye, kuma ka riga ka tabbatar shokozoban gaba lafiya suke, to wuyan firam ya murɗe.

Abin da ke gyaruwa

Kunnen salansa da ya ɓalle, mazaunin matakin ƙafa, wurin sitan, da ƙarafan baya da ke ɗauke da kujera, duk waɗannan suna gyaruwa a hannun mai walda nagari. Tsaga guda a jikin bututu mai lafiya ita ma tana gyaruwa, amma da ƙa'ida.

A huda ƙaramin rami, kamar milimita 3, a kowane ƙarshen tsagar, don kada ta ci gaba da tafiya. A gurje bakinta ya ɗan buɗe, a goge fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari. Idan bututun ya karye ne gaba ɗaya, haɗa baki da baki kawai bai isa ba. A zura wani guntun bututu a ciki wanda ya matse, ya shiga santimita da dama ta kowane ɓari, a huda ramuka a na wajen a cike su da walda su kama na cikin, sannan a rufe gaɓar. Ɗora wani katon ƙarfe daga waje a labta masa walda ba ƙarfi ba ne. Wurin zai sandare, sabuwar tsaga ta ɓullo daidai inda facin ya ƙare.

Ka tuna kaurin bututun firam bai fi milimita 2 ba a yawancin ƙananan babura. Waldar sanda mai wuta da yawa huda shi take yi. Nemi wanda ya saba da siririn ƙarfe, ka ga aikinsa kafin ka ba shi naka. Idan an gama, a bar wurin ya huce da kansa. Kwara masa ruwa yana iya sa shi gautsi.

Kafin a kunna wuta, a cire tanki a kai shi nesa. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, don tururin fetur ne ke fashewa. A cire batir da akwatin wutar inji, a janye wayoyi. Wayar injin walda da ake maƙalawa a jikin ƙarfe, a maƙala ta dab da wurin aiki, don kada wuta ta bi ta cikin boris ta ƙona shi.

Abin da ba ya gyaruwa

Bututun da ya ɗan lanƙwasa a hankali, masu teburin ƙarfe na musamman suna iya ɗaure firam su miƙar da shi suna aunawa. Amma wanda ya karye kwana ya tattare, ya gama aiki. Gwada da wayar ƙarfe: lanƙwasa ta ka miƙe sau da yawa, za ka ga a wurin take tsinkewa. Haka wuyan da ya tsage ko ya murɗe, da firam ɗin da tsatsa ta cinye a wurare da yawa, da wanda aka yi wa walda a kan walda. A ganina, wuya ba wurin gwaji ba ne ko kaɗan. Idan ya rabu ana cikin gudu, ƙafar gaba ce take barin babur, kuma babu burkin da zai ceci mutum.

Sauya firam

Tun kafin ka taɓa sifana, fara da takarda. Lambar da aka buga a firam, galibi a gefen wuya, ita ce shaidar babur a wurin hukuma. Baburan da aka ƙera daga 1981 da yawansu suna da mai haruffa da lambobi 17, waɗanda suka girme su kuma tasu ta fi gajarta. Kada ka sayi firam ɗin da ba shi da takardu, ko wanda aka gurje lambarsa, don yana iya zama na sata. Kada kuma ka yarda a yanko tsohuwar lambarka a liƙa a sabon. Wannan laifi ne. Je ofishin rajistar ababen hawa na inda kake, ka tambayi yadda ake shigar da sauyin.

Firam ɗin da za ka saya ya zama na samfuri ɗaya da shekara ɗaya da naka, domin kamfani yakan matsar da kunnen inji ko na burki daga shekara zuwa shekara. Shi ma ka yi masa binciken tocila da alli. Tsoho ne kamar naka.

Wajen kwancewa, ɗauki hoton kowane ɓangare da wayarka, musamman hanyar da wayoyin wuta da na burki da na kuloci suka bi. Notunan kowane sashe su shiga ledarsu, ka rubuta suna a jiki. Sa sabon boris a wuya da sabon bushi a hannun ƙafar baya, da giris, tunda komai a buɗe yake. Idan injin yana da nauyi, kwantar da shi a gefensa a kan tsumma, ka sauko da firam a kansa. Zura dukkan notunan inji da hannu tukuna, sai sun shiga duka sannan ka ɗaure. Notin da ya ƙi shiga sai da guduma yana gaya maka wani abu bai daidaita ba. Idan ka yi sabon fenti, kankare shi a wuraren da wayar wuta take taɓa firam, in ba haka ba fitila da hon za su yi ta yi maka gardama.

Ko gyara aka yi ko sauyi, maimaita awon igiya kafin ka hau. Fara tafiya a hankali a fili, ba fasinja, ba kaya, ka gwada burki biyun. Bayan kwana biyu ka sake bin notunan inji da sifana, ka haska wurin waldar da tocila.

Aikin da za a kawo a darasi na gaba

Nemo lambar firam ɗin wani babur, da izinin mai shi, ka kwafe ta a littafinka, ka gwada ta da wadda ke cikin takardunsa harafi da harafi. Sannan ku haɗu biyu-biyu ku yi masa awon igiya, kowa ya rubuto lambobi huɗun da ya samu.