Yadda za ka riga kwastoma sanin sabarka ta faɗi

Muddin kwastoma ne ke kiranka ya ce shafi ya ƙi buɗewa, ba ka fara sa ido a kan sabarka, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai, ba tukuna.

Da farko, mai gadi a waje yake zama. Sababbin shiga kan ɗora manhajar sa ido a kan sabar da take gadi, ranar da sabar ta mutu su tafi tare, babu mai yin ihu. Ko Facebook, da ya ɗauke kusan awa 6 ranar 4 ga Oktoba 2021, kayan aikin injiniyoyinsa na ciki ma tsayawa suka yi. Kama hayar ƙaramar saba a wani kamfani dabam ka ɗora manhajar sa ido ta Uptime Kuma, kyauta ce. In ba ka son wahala, ka biya kamfanin UptimeRobot ya yi maka gadin.

Kada ka yarda da lambar 200 kaɗai, wato amsar da saba ke bayarwa cewa shafi ya buɗe lafiya. Shafi na iya amsawa lafiya lau alhali fari fat yake, rumbun bayanai ya katse. Sa manhajar ta nemi wata kalma da ba ta fitowa sai komai na aiki, kamar sunan kaya a shafin sayarwa.

Don sa ido a cikin sabar kuma, akwai manhajar Zabbix, ko Prometheus da Grafana. Ni dai Zabbix nake ba mai koyo. Fara da faifai, don fayilolin log, inda saba ke rubuta abin da ke faruwa, kan cika shi a hankali. Gargaɗi ya zo a kashi 80, ba 95 ba.

Inda aka fi lalacewa shi ne ƙararrawa. Mutum ya kunna komai, waya ta yi ta ƙara duk sanda aikin CPU, ƙwaƙwalwar sabar, ya ɗan ɗaga, sai ya gaji ya toshe sanarwar. Ranar da gobara ta tashi da gaske, saƙon na nan cikin tarkace ba wanda ya buɗe. Raba su biyu. Abin da ya hana kwastoma biya ko shiga, shi ne zai tashe ka cikin dare. Sauran su jira safiya a imel. A gwada sau uku a jere kafin a buga maka, kuma kowace ƙararrawa ta tafi ga mutum ɗaya da sunansa. Aka tura guruf, kowa zai ɗauka wani ya gani.

Saura takardar SSL, shaidar tsaron shafi. Ta Let's Encrypt, masu bayar da ita kyauta, kwana 90 take yi, sabuntawar kai tsaye kuma takan tsaya ba sallama, don haka sa gargaɗi tun saura kwana 14. Haka rajistar sunan shafin. Sannan ka kashe sabar da gangan lokacin da ba ciniki, ka ga ko wayarka za ta yi ƙara.