Sayen mota ta hannu a Sakkwato: abin da mai ƙaramin ƙarfi zai duba kafin ya biya

Duk wanda ya tara kuɗi domin sayen motarsa ta farko, ya kamata tun daga gida ya raba su kashi biyu: kuɗin mota da kuɗin da zai tashe ta. Mota ta hannu ba ta rasa buƙatar juyen baƙin mai, wani lokaci har da batir da tayoyi, ga la'adar dillali, ga canjin suna a takardu, ga inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ga motar gida ta koma naira 15,000 tun watan Janairun 2023. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuma, shan mai ya zama abin lissafi na kowace rana, don haka mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya ga mota mai fulogi huɗu, komai kyawun da mai shida ta yi masa a ido.

Dangane da irin motar, a nemi wadda bakaniken unguwa ya san cikinta kuma kayan gyaranta suke samuwa a cikin gari, kamar Toyota Corolla ko Honda Civic ko Golf ko Peugeot 406. Idan aka ga babbar mota ta alfarma da araha mai ban mamaki, galibi kayanta ne sai an aika Kano ko Legas, kuma mai ita ya gaji da jira.

Babban gwajin mota a Sakkwato shi ne zafi, domin a watannin Maris da Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, kuma injin da ke da rauni a lagireto ko fanka ba ya iya ɓoye shi a irin wannan yanayi. Saboda haka a duba motar sau biyu, tare da bakaniken da mai saye ya zo da shi kuma ya biya shi da kansa, ba wanda dillali ya nuna ba. Duba na farko da sassafe ne, kafin kowa ya tashe ta. A ɗora hannu a kan bonet, idan da ɗumi to an riga an ɗuma ta, wataƙila don kada a ji wahalar tashinta. A lokacin da injin yake da sanyi ne kawai ake buɗe murfin lagireto, a ga ko akwai maiƙo a saman ruwan, sannan a buɗe murfin baƙin mai a dubi cikinsa. Idan aka tarar da wani abu mai kauri, launin shayi da madara, ruwa yana haɗuwa da mai ke nan, kuma sau da yawa gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa. Bayan an tashe ta a tsaya ta baya a kalli salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta injin da ke cin baƙin mai, baƙi yana nuna mai ba ya ƙonewa daidai, fari mai kauri da ba ya yankewa kuwa ruwa ne ke shiga injin.

Duba na biyu bayan azahar ne. A kunna na'urar sanyaya mota, a hau titi a miƙa har wajen Bodinga ko Dange a dawo, sannan a tsaya a rana a bar injin yana aiki na kamar minti goma sha biyar, ido yana kan allurar zafi. Idan ta wuce tsakiya tana ci gaba da hawa, ko fanka ta ƙi tashi, a haƙura da motar ko a rage kuɗin gyaran daga farashi. A cikin tafiyar a saurari shigar giya, a taka birki da ɗan ƙarfi a ga ko tana janyewa gefe guda. Mai motar da ya ce zagaye ɗaya a cikin unguwa ya isa, yana da abin da ba ya so a gani.

Jikin mota ba ya ɗaukar lokaci. A dube ta a fili da rana domin a gane inda fenti ya bambanta, a ɗaga shimfiɗar ƙasa a nemi tsatsa ko busasshen laka, alamar motar da ta taɓa nutsewa a ambaliya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019, kuma tsohuwar taya a kwaltar da ta sha rana haɗari ce ko da zanenta bai cinye ba.

Sai takardu, inda gaggawa ta fi jawo asara. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu daga 1 ga Janairun 2017, kuma a jihar da ke da iyaka da Nijar ta Illela, dole ne mai saye ya binciki yadda motar ta shigo. A karɓi takardar kwastam a kai ofishinsu a tabbatar da ingancinta, domin motar da ba a biya mata haraji ba ana iya ƙwace ta a hanya ko a hannun wa aka same ta. Lambar casis, mai haruffa da lambobi 17, a karanta ta ɗaya bayan ɗaya a jikin motar, a gwada da abin da ke rubuce a kowace takarda. Idan sunan da ke takardun ba na mai sayarwa ba ne, a nemi shaidar yadda ta zo hannunsa.

Idan an daidaita mai sayarwa ya ce ya sallama, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da farashi da lambar casis da lambar injin, shaidu biyu su sa hannu, a karɓi kwafin katin shaidarsa, a biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunansa. La'adar dillali kuwa a yanke ta tun kafin a fara tayi, a kuma fayyace wanda zai biya ta, mai saye ko mai sayarwa.