Yadda zaka ga oriyol kuma ka ɗauke shi hoto ba tare da ka kore shi ba

Tsuntsun da Turawa ke cewa oriyol akwai shi a nan wajenmu, mutane da yawa sun sha jin kukansa basu san shi bane. Namijin rawaya ne shar, da baƙin layi da ya ratsa idonsa kamar ya sa kwalli ya zarce, baki ja-ja, tsawonsa wajen santimita 24. Macen ta ɗan fi shi kore-kore. Kar ka haɗa shi da kabare, kabare ƙarami ne ga surutu ga taron dangi, shi kuwa wannan ɗan sarauta ne, can ƙololuwar bishiya yake zama cikin ganye.

To abu na farko kunne ne ba ido ba. Kukansa kamar wani na busa sarewa a hankali, gajere mai daɗi. In ka ji shi da sassafe bayan asuba ka tsaya cak, kar ka fara zagaye bishiyar kana ɗaga kai, wallahi yana hango ka kafin ka hango shi.

Sai bishiya. Nemi ɓaure ko cediya ko durumi lokacin da suka yi 'ya'ya, don abincinsa kenan, da tsutsotsi da ƙwari. A Amurka su nasu oriyol ɗin na Baltimore raba lemo biyu suke su soke a reshe ya sauko ya sha, amma wancan dangi daban ne kama kawai suka yi, ni dai na gwada lemon a gida sati guda tururuwa ce kawai ta amfana. Abin da ya min aiki kasko ne na ruwa a inuwa lokacin rani, nesa da inda mage ke laɓewa.

Wajen hoto nan ake shan wahala. Ka juya wa rana baya, hasken ya faɗa kan tsuntsun, in ba haka ba baƙin abu kawai zaka samu a kan farin sama. Kuma rawayan nan yana ƙonewa a hoto in rana ta take, sai ya fito fari fat babu gashi babu komai, shi yasa daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe ta fi, ko ka ɗan rage hasken kyamarar kaɗan. Mai babbar kyamara ya sa lens (gilashin gaban kyamara) mai jawo nesa na 300mm ko sama, saurin ɗauka wato shata 1/1000 na sakan, ya saita kan ido ba kan ganyen gabansa ba, don kyamara tana son ganye kamar me. Mai waya kuma don Allah ka daina jan zum har ƙarshe, dishi-dishi zai fito, gara ka ɗora wayar a bakin madubin hangen nesa ka jingina da bango ka danna da yawa, cikin ashirin ɗaya zai yi.

Farar riga a bar ta gida, sa mai duhu ka zauna waje ɗaya. In ka ga sheƙarsa tana reto a tsakanin rassa biyu kamar ɗan kwando, ɗauka daga nesa ka wuce, kuma kar ka nuna wa yaran unguwa masu danƙo.

Wanda ke kusa da Jos ya leƙa dajin Amurum ko ya shiga Yankari, can sun fi sauƙin gani.